Daga Katako Zuwa Faiba: Shekara Ɗari Biyu Ana Biyan Teku Haraji

A shekarar 1814 aka buɗe gadar Ryde a tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Kafin ita, duk fasinjan da jirgi ya kawo garin a lokacin da teku ya janye, sai an goya shi ko an ɗora shi a keken doki an ratsa laka da yashi da shi kafin ya taka tudu. Da aka kafa turakun katako aka shimfiɗa daɓe a kansu, wannan wahala ta ƙare. Ba a jima ba mutanen da ba su da jirgin da za su shiga suka fara hawa gadar don tattaki da shan iska kawai, kuma daga nan aka haifi wata al'ada da ta mamaye gaɓar Birtaniya, ta kuma sami 'yar'uwa a Amurka: gina wa masu tafiya a ƙasa hanya a bakin teku ko a kan ruwansa. Tun daga lokacin an gwada katako, an gwada ƙarfe, an gwada kankare, yanzu kuma ana gwada robar da aka ƙarfafa da zaren gilashi, wadda masu sana'a ke kira faiba. Wanda ya bi tarihin waɗannan gine-gine zai ga ƙarfin kayan gini a ranar yanke zare bai taɓa tabbatar da tsawon ransu ba. Abin da ya raba waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu shi ne nauyin gyaran da kowane kaya ke ɗora wa mai shi duk shekara, da ko mai shi na iya biya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna faiba, kuma idan aka auna ta da shi za a ga ta cancanci karɓuwa, amma da sharaɗi.

Abokin gabar katako na farko a ruwan gishiri wata halitta ce da masana ke kira teredo, matuƙa jirgi kuma suka san ta da tsutsar jirgi, ko da yake dangin kawa ce. Tana shiga itace tun tana ƙanƙanuwa ta wata kafa da ido ba ya lura da ita, ta yi ta haƙa rami a ciki tana girma, har turke ya zama holoƙo alhali bayansa lafiya lau. Mutanen Holan sun ɗanɗana kuɗarta a farkon shekarun 1730, lokacin da aka gano ta cinye katakan da ke kare madatsun da suka hana teku shanye ƙasarsu. Tashin hankalin ya kai har wasu suka ɗauke ta azaba daga Ubangiji, aka yi ta addu'o'i, daga bisani aka koma sayo duwatsu daga ƙasashen waje da tsada ana jera su a gaban madatsun. Ƙarni guda bayan haka mutanen Ingila suka maimaita darasin da kuɗinsu. Gadar Herne Bay da aka buɗe a 1832, mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, ba ta cika shekara goma ba tsutsar ta ci turakunta har aka shiga gyara mai tsada, kuma a 1871 aka sayar da ita a matsayin tarkace. Gadar katako ta Margate, wadda aka gina a 1824, ita ma gyara ya yi ta cin kuɗinta saboda wannan tsutsa da raƙuman ruwa har aka haƙura da ita.

Magina sun nemi mafita ta hanya biyu, kuma kowacce ta zo da nata farashin. Ta farko ita ce sa wa itacen guba. A 1838 John Bethell ya yi rajistar dabarar cusa man kwalta mai suna kiriyosot cikin katako da ƙarfin matsi, dabarar da ta ƙara wa turaku da katakan layin dogo shekaru masu yawa. Amma gubar da ke kashe tsutsa tana tsiyaya cikin ruwa, kuma sannu a hankali hukumomi suka taƙaita amfani da ita, kamar yadda Amurka ta janye katakon da aka jiƙa da sinadarin asenik daga ayyukan gidaje a ƙarshen 2003. Hanya ta biyu ita ce nemo itacen da tsutsa ba ta iya ci da sauƙi, kuma irin wannan itace a dazuzzukan ƙasashe masu zafi yake. Daga Guyana aka riƙa kwaso wani mai suna greenheart, daga Barazil aka kwaso ipe, daga kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, musamman Kamaru da Gabon, aka kwaso ekki, wanda Faransawa ke kira azobe, kuma har yau ana ganinsa a tashoshin ruwa da gadojin Holan. Waɗannan bishiyoyi suna daɗewa kafin su girma, kuma ekki na cikin jerin itatuwan da ake fargabar ƙarewarsu. Wato wani kaso na harajin da teku ke karɓa daga garuruwan shaƙatawa na Turai, kurmin Afirka da na Kudancin Amurka ne suka biya shi.

Ƙarfe ya shigo da alkawarin kawo ƙarshen wannan duka. Alexander Mitchell, injiniya ɗan Ayalan wanda ya makance tun yana saurayi, ya yi rajistar turke mai murɗi a 1833: sandar ƙarfe mai faffaɗan kunne a gindi, wadda ake murɗawa cikin yashi ko laka maimakon a buga ta. An fara amfani da ita wajen kafa hasumiyoyin fitilar jiragen ruwa, sai Eugenius Birch ya ɗauke ta ya gina sabuwar gadar Margate da ita, wadda aka buɗe a 1855. Birch ya gina gadoji 14 a rayuwarsa, ciki har da ta arewacin Blackpool a 1863, da West Pier ta Brighton a 1866, da ta Hastings a 1872. Zamanin ya taimaka masa. Jirgin ƙasa ya kawo ma'aikatan masaƙu da ma'adinai bakin teku cikin sa'o'i kaɗan, dokar ranakun hutu ta 1871 ta ba su lokacin zuwa, masu jari kuma suka ga riba a kuɗin shiga da na wasanni. Zuwa farkon ƙarni na ashirin akwai irin waɗannan gadoji kusan ɗari a gaɓar Birtaniya. Siraran ginshiƙan ƙarfe suna barin raƙuman ruwa su wuce ta tsakaninsu, tsutsa kuma ba ta da abin ci a jikinsu, don haka masu hannun jari suna da dalilin ganin an rabu da matsala.

An gudu ne ba a tsira ba. Ginshiƙan ƙarfen zubi suna jure ruwan gishiri daidai gwargwado, amma sandunan da ke ɗaure su, da notuna, da ƙarafan da ke ɗauke da daɓe, suna zaune ne a wurin da ya fi ko'ina muni: tsakanin ruwa da iska, inda teku ke jiƙa su da gishiri ya janye ya bar musu iska, safe da yamma. Nan tsatsa ta fi gudu. Maganinta kankarewa da fenti da sauya abin da ya ruɓe, aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma muddin jama'a na tururuwa kuɗin ƙofa na biyansa. A 1940 aka yanke gadoji da yawa na kudu da gabas gida biyu don kada sojojin Jamus su sauka ta kansu, aka bar su shekaru babu kulawa. Daga shekarun 1960 kuma jirgin sama mai araha ya kwashe masu hutu zuwa Sifen. Kuɗin shiga ya ragu, tsatsa ba ta rage komai ba. Brighton ce ta fi kowane gari nuna abin da ya biyo baya, domin tana da gadoji biyu a teku ɗaya, ana hango ɗaya daga kan ɗaya. An rufe West Pier a 1975, wani sashe nata ya rufta a ƙarshen 2002, gobara biyu suka ƙarasa ta a 2003. Palace Pier da aka buɗe a 1899 tana nan tana karɓar baƙi, saboda ba ta taɓa rasa cinikin da zai biya mai fenti ba. Gadar Clevedon ta 1869 ta karye a 1970 ana cikin gwajin nauyi, har an yi niyyar rushe ta, mutanen gari suka tara kuɗi suka tashe ta. Ta Southend, mai tsawon fiye da kilomita biyu, ta sha gobara sau da dama, jirgi ma ya taɓa ratsa ta a 1986, amma tana tsaye don majalisar garin ta ci gaba da biya. Kusan rabin gadojin nan ɗari ne suka saura, kuma galibi waɗanda suka sami mai ɗaukar nauyinsu ne.

A Amurka al'adar ta ɗauki wata siffa: titin katako da ke bin gaɓa maimakon ya shiga cikin ruwa. Na farko shi ne na Atlantic City, wanda aka buɗe a 1870 don a rage yashin da baƙi ke kwasowa a takalmansu zuwa otal-otal da taragun jirgin ƙasa. Da farko ana kwashe shi ne a ajiye idan lokacin hutu ya wuce, kuma kafin ƙarnin ya ƙare an sake gina shi sau da dama, wani lokaci bayan guguwa ta ɗebe shi. Na Coney Island a New York ya biyo baya a 1923. A nan ma lissafin bai sauya ba: rana da gishiri da ƙafafun miliyoyin mutane suna cin katako, ƙusoshi suna tasowa, hukuma na sauya alluna kowace shekara. Wani abin mamaki ya ƙara tsananta lamarin. Ƙazantar masana'antu ta daɗe tana kashe tsutsar jirgi a tashar ruwan New York, sai dokar tsabtace ruwa ta 1972 ta fara aiki, ruwa ya gyaru, tsutsa ta dawo ta far wa turakun katakon da suka yi shekaru cikin aminci. Sannan a watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta tumɓuke mafi yawan titin katakon Rockaway ta watsa shi cikin unguwanni. Da aka tashi sake gina shi, da kankare aka yi, aka kammala a 2017.

Kankare ma yana da nasa ciwon, kuma ciwo ne mai ɓuya. Rumawa sun zuba kankare a cikin teku tun kafin haihuwar Annabi Isa, kamar yadda aka yi a tashar jiragen ruwa ta Kaisariya a zamanin Sarki Hirudus, kuma ragowar irin wannan aiki na nan a gaɓar Bahar Rum. Sirrinsa tokar dutse mai aman wuta da suke haɗawa da farar ƙasa, da kuma rashin ƙarfe a cikinsa. Kankaren zamani kuwa, tun daga ayyukan Joseph Monier da François Hennebique a Faransa a ƙarni na sha tara, rodi ne ƙashin bayansa, domin kankare na jure danniya amma ba ya jure ja. Muddin siminti ya lulluɓe rodi da kyau, yana kare shi daga tsatsa. Sai dai gishirin teku na ratsa ƙananan kafofin kankare a hankali, shekara bayan shekara, har ya isa ga rodin. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, don haka tana kumbura ta fasa kankaren daga ciki, ɓaraguzai su zube, ƙarin gishiri ya shiga. Mai gadar ƙarfe aƙalla yana ganin tsatsarsa da ido ya kira mai fenti. Mai gadar kankare yakan yi shekaru yana zaton ba a binsa komai, sai ranar da aka kawo masa lissafin gaba ɗaya.

A kan wannan tarihi ne faiba ta shigo. Tsarinta bai bambanta da na maginin ƙasa da ke cuɗa laka da ciyawa ba: zaren gilashi siriri ne ke ɗaukar ja, wani irin danƙo na roba da ke daskarewa kuma ya riƙe zaren wuri ɗaya ya kare shi. An fara kaɗa zaren gilashi da yawa a Amurka a shekarun 1930, aka kafa kamfanin Owens-Corning a 1938, yaƙin duniya na biyu kuma ya hanzarta samar da danƙon da ya dace da shi. Abin lura shi ne teku ne ya fara karɓar wannan kaya tun kafin masu gada su waiwaye shi. Ray Greene ya ƙera kwale-kwalen faiba a Ohio a farkon shekarun 1940, kuma sannu a hankali faiba ta kori katako daga kasuwar ƙananan jiragen ruwa. A 1972 rundunar ruwan Birtaniya ta saka HMS Wilton a ruwa, jirgin farautar nakiyoyi wanda da faiba aka yi gangar jikinsa. Abin da ya buɗe mata ƙofar gini shi ne wata dabara da Brandt Goldsworthy ya yi fice wajen bunƙasawa a shekarun 1950: a jiƙa zaren da danƙo, a ja shi ta cikin zazzafan bututun siffantawa, ya fito a matsayin doguwar sanda ko allo ko bututu mai kusurwa huɗu, a yanka gwargwadon buƙata. Nauyin irin wannan sanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙarfe mai girmanta. Ba ta tsatsa, tsutsa ba ta cinta, kuma ba ta buƙatar a jiƙa ta da guba.

Gadojin faiba na farko ba a bakin teku aka yi su ba. Ƙasar Sin ta gina ƙaramar gadar mota da faiba a Miyun kusa da Beijin a 1982. A 1992 aka ɗora gadar ƙafa a kan kogin Tay a Aberfeldy ta Sikotland, mai tsawon mita 113, wadda tazarar tsakiyarta ta kai mita 63, kuma ɗaliban jami'ar Dundee suka taimaka aka harhaɗa ta ba tare da babban injin ɗaga kaya ba. Denmak ta bi sahu da gadar Kolding a kan layin dogo a 1997. Daga nan aka gangaro gaɓa. A Dawlish ta kudu maso yammacin Ingila, inda layin dogon da injiniya Brunel ya shimfiɗa a 1846 ke bin katangar teku har raƙuman ruwa na fantsama kan jirage, tsatsa ta cinye gadar ƙarfen tashar, aka maye gurbinta da ta faiba a 2012, aka yi mata kamannin tsohuwar don tashar na cikin gine-ginen tarihi. Da guguwar Fabrairun 2014 ta fasa katangar garin ta bar layin dogo na reto a iska, gadar ta tsira. A Rhyl ta Wales an buɗe Pont y Ddraig a 2013, gadar masu ƙafa da keke wadda ake ɗaga ɓangarorinta biyu jiragen ruwa su wuce, kuma rashin nauyin faiba ne ya sauƙaƙa ɗagawar. A Ostareliya kamfanin Wagners na Toowoomba yana ƙera sandunan da ake gina titunan gaɓa da su. Dalilin da ya sa hanyar masu ƙafa ta fi dacewa da faiba a fili yake. Kayan da za ta ɗauka ba su da nauyi, wuraren da ake gina ta kuwa, kamar tudun yashi da fadamar gishiri da gefen dutse, wurare ne da babbar mota ba ta shiga sai ta yi ɓarna, alhali mutum biyu na iya saɓa sandar faiba su kai ta inda ake so.

Suka ta farko da ake yi wa faiba ita ce tsada, kuma gaskiya ce a ranar saye: ta fi katakon da aka saba amfani da shi kuɗi, sau da yawa ta fi ƙarfe ma. Amma duk tarihin da ya gabata hujja ce a kan cewa farashin ranar saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da gini a bakin teku ke ci. West Pier ba ta mutu don an gina ta da tsada ba. Masu wannan suka suna da wata hujja da ta fi ƙarfi, wato gadar Progreso a Yukatan ta Meziko, wadda kamfanin Christiani & Nielsen na Denmak ya gina tsakanin 1937 da 1941 da kankare mai rodin ƙarfen da ba ya tsatsa. Tana aiki har yau, alhali wata da aka gina kusa da ita daga baya da rodi na yau da kullum ta lalace, sai kututturai. Wannan na nuna ba faiba kaɗai ce hanya ba, kuma inda manyan motoci za su hau ko raƙuman ruwa za su daki gini kai tsaye, nauyin kankare alheri ne. Sai dai darasin Progreso na goyon bayan ma'aunin da muke magana a kai: an biya da yawa a farko, aka huta daga baya. Ga siririyar hanyar ƙafa da ƙaramar hukuma za ta gada ba tare da kuɗin ƙofa ba, faiba na ba da irin wannan hutu da nauyi kaɗan da aiki kaɗan.

Suka ta biyu ta fi nauyi: faiba yarinya ce. Ƙarfen Birch ya haura shekara 150 a ruwa an ga iyakarsa, gadojin faiba kuwa mafi tsufa ba su kai rabin haka ba, don haka duk mai cewa za ta yi shekara ɗari, hasashe yake daga gwajin ɗakin bincike. Tana kuma da halayen da dole magini ya sani. Ƙarfinta wajen ja mai yawa ne, amma taurinta bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfe ba, saboda haka takan lanƙwasa ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafa tun kafin ta kusa karyewa, kuma idan za ta karye ba ta yin gargaɗin da ƙarfe ke yi ta hanyar tanƙwarewa. Hasken rana na cin fatarta idan ba a shafe ta ba, ruwa na iya shiga danƙon ya tayar da ƙuraje kamar yadda masu kwale-kwale suka daɗe da sani, mahaɗanta kuma galibi da notunan ƙarfe ake ɗaure su, waɗanda ke iya dawo da tsatsa ta bayan gida. Aberfeldy ta nuna wasu daga cikin waɗannan: an ƙara mata nauyin kankare don rage rawa, gansakuka ta kama jikinta, daɓenta kuma ya tsage bayan an hau shi da abin da ya fi ƙarfinsa har sai da aka ƙarfafa shi. Amsar wannan suka ita ce duk waɗannan lahani sanannu ne, ana kuma iya tsara gini da saninsu. Jiragen faiba sun shafe fiye da rabin ƙarni a ruwan gishiri, Amurka ta fitar da ƙa'idar zana gadojin ƙafa na faiba a 2008, Turai ta fitar da tata ta gine-ginen faiba a 2022. Ba a kai matakin yaƙini ba, amma an wuce na caca.

Suka ta uku ita ce wadda babu cikakkiyar amsa gare ta, kuma fuska biyu gare ta: wuta da shara. Gobara ta cinye gadojin teku da yawa, ta Weston-super-Mare a 2008, ta Hastings a 2010, ta Eastbourne a 2014, kuma danƙon faiba yana laushi da zafin da bai kai ya dami ƙarfe ba, yana ci da wuta, yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. New York ta ga misali da wata 'yar'uwar faiba: gadar titin Tiffany a Bronx, wadda aka sake ginawa da robar da aka sarrafa daga shara bayan tsutsa ta cinye ta katako, tsawa ta faɗa mata a 1996 wani sashe nata ya ƙone. Ana haɗa danƙo da sinadaran hana wuta, amma wannan rage haɗari ne kawai. Batun shara ya fi wuya. Ana narka tsohon ƙarfe a sake ƙera shi, katako na ruɓewa, amma danƙon da ya riga ya daskare ba ya narkewa, shi ya sa tsofaffin jiragen faiba ke jibge a mashigan ruwa, fikafikan injinan iska kuma ke cika ramukan shara. Masu bincike na jami'ar Brighton sun sami ɓurɓushin zaren gilashi a cikin kawar mashigin Chichester. Ke nan faiba ba ta soke harajin teku ba. Ta rage na shekara-shekara ƙwarai, ta tura wani kaso zuwa ƙarshen rayuwar ginin, inda waɗanda ba su sa hannu a kwangilar ba za su biya.

Akwai kuma masu cewa titin katako ba tare da katako ba ya rasa ransa, kuma mazauna Coney Island sun yi ta jayayya da hukumar birninsu a kan sauya alluna da kankare da roba, har aka sanya titin cikin wuraren tarihi a 2018. Ba a raina wannan ji ba, domin ƙaunar jama'a ce ta ceci Clevedon lokacin da lissafin kuɗi ya ce a rushe ta. Amma ba dole ne a zaɓi ɗaya a zubar da ɗaya ba. Ana iya sa faiba a ƙasa, inda gishiri ya fi ɓarna kuma hannun mai gyara ya fi wuyar kaiwa, a bar katako a saman da ƙafa ke takawa a wuraren da tarihi ya wajabta haka, domin sauya allo ya fi sauya ginshiƙi sauƙi nesa ba kusa ba.

Haɗarin da ya fi kowanne girma yana cikin tallar da ake yi wa faiba cewa ba ta buƙatar kulawa sam. Irin wannan fata aka ɗora a kan ƙarfe a zamanin Birch, aka ɗora a kan kankare a ƙarni na ashirin, kuma hukumar da ta gaskata ta kan cire kuɗin dubawa daga kasafinta. Garin da zai gina hanyar ƙafa a gaɓa yau yana da hujjar zaɓar faiba, matuƙar kwangilar ta fayyace abubuwa huɗu: wane ƙarfe za a yi notuna da shi, sau nawa za a duba mahaɗai a sabunta shafen da ke kare ta daga rana, wane irin danƙo aka yi amfani da shi game da wuta, da kuma wa zai kwashe ta ya kai ina idan ta tsufa. Idan an amsa waɗannan a rubuce aka kuma ware musu kuɗi, faiba za ta ba ƙaramin gari abin da katako da ƙarfe ba su iya ba shi ba, wato gini a bakin teku wanda gyaransa bai fi ƙarfin aljihun masu shi ba.